Tumakin Kawu Cindo

Kwamfutar aro ce, ta yayana da ke Dutse,
batirinta ba ya kai la'asar.
Na biya Barmo mai caji naira ɗari biyu,
na dawo gindin tsamiya, na ɗora ta a cinya,
ina koya mata abin da ni ma jiya na fara.

A ba ta lamba irin tamu,
ta juya ta zuwa harshen da take ji,
harshe mai baƙi biyu tak:
ɗaya da sifiri, akwai da babu,
ba ta san uku ba, balle tara.

Kawu Cindo ya zo wucewa, igiya a kafaɗa.
"Tunda ta iya lissafi, ba ta tumakina.
Talatin da bakwai, har da mai ɗingishi,
na ƙirga da asuba kafin su fita cin kara."

Raba biyu: sha takwas, saura ɗaya.
Raba biyu: tara, babu kome.
Huɗu, saura ɗaya.
Biyu, babu.
Ɗaya, babu.
Na ƙarshen bai rabu ba, shi kansa ne saura.

Ta jera su yadda suka faɗo.
Na mai da lissafin gida don in gwada,
sai ga arba'in da ɗaya.
Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Huɗu kyauta! Gobe ma a ƙara."

Laifina ne.
Daga ƙasa ake karanto su,
kamar dammunan gero a rumbu,
na ƙarshen shiga shi ne farkon fita.
Ɗaya, sifiri, sifiri, ɗaya, sifiri, ɗaya.
Baƙin tumaki huɗu suka koma inda suka fito,
da layi guda na gyara.

Sai karambani ya ɗebe ni,
na ce bari mu ga tushe goma sha shida.
Allo ya nuna biyu da biyar.
Dariya ta ɗauke.
"Ashirin da biyar? Ina sha biyuna?"
Na ce suna nan, Kawu, ba wadda ta ɓata.
Biyun nan garke biyu ne, kowane sha shida,
biyar kuma na waje suna jira.

Ya yi shiru.
Ya buɗe tafukansa, shida nan, shida can.
"To ai ba sabon abu ba ne.
Kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam,
da shi ubana ya sayi riga a kasuwar Auyo.
Wa ya ce goma ce uwar lissafi?
Ku ne yatsunku suka ƙare a nan,
kuka ɗauka Allah ne ya tsara."

Duk wannan, Ɗan'azumi na zaune kan saiwa
yana tufka.
Bai ɗago ba ya ce, "Sa nawa."
Mun san nasa.
Ambaliya ta shigo da dare, har turke ta tafi da shi,
ruwan bara.

Na buga sifiri.
Allo ya tsaya fari fat.
Na sake bugawa. Shiru.

Na bi layukan da yatsa, na gano:
na ce mata, muddin da abu a hannu, yi ta rabawa.
Ban gaya mata abin da ake ce wa
wanda ya zo hannu wofi ba.
Ta wuce shi kamar ba kowa a ƙofa,
yadda masu rubuta sunayen tallafi suka yi
ranar da aka tara mu a firamare, muka yini muna jira.

Layi biyu na ƙara:
in babu ce, rubuta babu.
Na juya masa allon.
Ya daɗe yana kallon ɗan zagayen,
kamar bakin igiya da ba wuya a ciki.
"To," ya ce, "ko ita ta shaida."

Batiri ya mutu kafin kiran salla.
Kawu ya tafi taro tumakinsa,
na ji shi daga nesa yana ƙirga,
garke biyu, da biyar.
Da magariba na ga mai ɗingishin
ɗaure a ƙofar Ɗan'azumi.
Ba wanda ya ce kome.
Talatin da shida ne yanzu:
raba biyu, babu saura.